Ƙyallen da ke Bayan Katako

Mako uku Malam ya yi yana yankan katako guda. Tsohon malamin aikin kafinta ne a wata makarantar koyon sana'a a Kano, wanda bayan ritaya ya mayar da zauren gidansa wurin aiki. A kusurwar zauren akwai ɗan injin zarto mai baki siriri kamar zare, wanda yake hawa da sauka a tsakiyar ƙaramin tebur. Aikin wannan inji shi ne fitar da ado a jikin katako ta hanyar cire abin da ba a so. Kowane gurbi sai an fara huda shi, a kwance bakin zarton, a zura shi ta hujin, a ɗaure, a bi layin zane, sannan a sake kwancewa domin gurbi na gaba. Dagi yake yankawa, irin wanda ake gani a ɗinkin babbar riga da bangon gidajen sarauta, kewaye da ganyayyaki. Kyautarsa ce ga autarsa da za a kai ɗakin miji.

Da safiyar ranar jere ya gama yankan. Abin da ya rage shi ne a sa ƙyalle a baya, a saka aikin cikin firam. Tun a jajibiri an sayo masa karan-miski shuɗi mai duhu daga Kantin Kwari. Mata suna ta aike daga cikin gida cewa motar kaya ta iso. Sai ya kifa katakon, ya shafe bayansa da farin gam, ya shimfiɗa ƙyallen, ya danne da littattafai. Duka aikin bai wuce minti goma ba.

Da ya ɗaga bayan awa biyu, ya ga abin da shi kansa ya sha gargaɗin ɗalibai a kai. Gam ya matso ta bakin kowane gurbi, ya jiƙa gashin karan-miskin, ya bushe yana ƙyalli kamar sawun dodon koɗi. A tsakiya ƙyallen ya tattare. Ba kuma halin ɓamɓarewa, domin wasu rassan zanen faɗinsu bai kai milimita 3 ba, da an ja za su karye. Sauri ya haifi nawa.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne abin damuwa a ƙyallen da bai kai rabin yadi ba? Amsar tana cikin yanayin wannan sana'a. A yawancin aikin kafinta ido kan katako yake sauka. A wannan kuwa, rabin abin da ake kallo gurbi ne, wato wurin da babu komai, kuma gurbi ba ya ganuwa sai da abin da ke bayansa. In aka jingina dagin da farin bango, zanen zai ɓace. In aka sa masa duhu a baya, kowane lanƙwasa zai fito sarai. Ashe ƙyallen da ake sayowa a ƙarshe, da canjin da ya rage, shi ne rabin hoton.

Masu wannan sana'a a ƙasashen da ta fi bunƙasa sun daɗe da sanin haka. A Ingila ta ƙarni na 19, gaban fiyano da yawa katako ne mai irin wannan yanka, an lulluɓe bayansa da siliki, domin sauti ya fita, ƙura kuma ta ragu. Sha'awar aikin ta yaɗu a gidaje har kamfanin Hobbies na garin Dereham ya riƙa sayar da zarto da zane-zane, da mujallar mako-mako da ta fara fitowa a 1895. Akwatunan rediyo na shekarun 1930 sun gaji wannan tsari: katako mai ado a gaba, ƙyalle a bayansa, lasifika a ciki. A irin waɗannan kayayyaki ƙyalle ne yake fara tsufa, saboda haka gwanin kafinta yakan bar hanyar sauya shi.

Daga nan ƙa'idar farko ta fito: ba a manna ƙyalle a jikin katakon da aka yanka. Ana yi masa nasa allon daban. A samo siririn filawud mai kaurin milimita 3, a yanka shi ya ɗan gaza bakin firam kaɗan, domin kaurin ƙyallen ya sami wuri. A yanka ƙyalle ya zarce allon da kamar santimita 3 ta kowane gefe. In auduga ce a goge ta, in karan-miski ne a goge ta baya da zafi kaɗan ba tare da dannewa ba, domin dutsen guga yana kwantar da gashinsa. Sai a kifa ƙyallen, a ɗora allon, a naɗo gefuna zuwa baya, a manna su a can inda ido ba ya kaiwa. Ana jan gefe biyu masu fuskantar juna ne, sama da ƙasa, sannan dama da hagu, a rage kusurwoyi da almakashi don kada su yi tudu. In ana so a shafa gam a fuskar allon, to a shafa shi sirara ƙwarai, a jira ya fara danƙo kafin ƙyalle ya taɓa shi. Jiƙaƙƙen gam ne yake ratsa zare.

Shi kuma katakon ado, a gama da shi tukuna. A bi bayansa da samfefa mai laushi a cire gashin da zarto ya bari, a shafa masa mai ko fenti, a bar shi ya bushe sosai, in ba haka ba zai ɓata ƙyallen. Bayan nan a jera su cikin firam: gilashi in akwai, katakon ado, allon ƙyalle, a tsare baya da ƙananan ƙusoshi. Matsin firam kaɗai ya isa ya riƙe su. In adon bai cika firam ba, ɗigon gam biyu ko uku a wurare masu faɗi, nesa da bakin gurbi, sun wadatar.

Yanayin Kano ya ƙara wa wannan ƙa'ida ƙarfi. Da hunturu iska takan bushe ƙayau, katako ya tsuke. Da damina ya sha laima ya kumbura, kuma motsinsa ya fi yawa ta faɗi a kan ta tsawo. Ƙyalle ma yana saki da laima, amma ba daidai da katako ba. In an haɗe su da gam, ɗaya zai ja ɗaya, ko ƙyalle ya tattare ko siririn reshe ya tsage. Filawud kuwa, da yake falle-fallensa a gicciye aka manna su, motsinsa kaɗan ne. Ga kuma ƙurar hunturu da karan-miski ke kamawa, ga rana da ke koɗar da launi. Allon da za a iya zarewa a kaɗe, ko a sauya masa ƙyalle, shi ke sa aiki ya kai ga jikoki.

Malam ya san duk wannan ranar jeren. Ya so ya ɓoye firam ɗin, amma autar ta riga ta gani, ta sa aka saka shi cikin kaya. Bayan shekara guda ya yanka wani dagin, ya yi masa allo da ƙyalle yadda ya kamata, ya ɗauka ya kai mata da kansa.

"Uwata, ga wannan. Ba ni wancan in tafi da shi."

Ta karɓa da hannu biyu tana durƙushe, ta yi godiya, ta rataye sabon a falo inda baƙi ke zama. Tsohon kuwa ta ce yana ɗakinta.

"Baba, ka yi haƙuri ka bar mini shi. Ni ban taɓa ganin tabon ba sai da ka nuna mini."

Bai sake tayar da maganar ba. Amma yaran da ke zuwa koyon aiki a zaurensa sun lura da wani sabon tsari: ranar da za a fara yanka, kafin a kunna inji, sai an fara auna allon baya an naɗe shi da ƙyallensa, an ajiye a kan kanta.