Bikin Komawa Gida a Teksas: Yara ke Rawa, Iyaye Mata ke Ɗawainiya

Duk wadda ta shiga garin Alen, arewa da birnin Dalas a jihar Teksas ta Amurka, da wuya idonta ya tsallake filin wasan ƙwallon garin. Yana ɗaukar mutum 18,000, an buɗe shi a shekarar 2012 bayan ya lashe kusan dala miliyan 60, kuma 'yan makarantar sakandare aka gina wa shi. A Teksas, ƙwallon Amurka ta 'yan sakandare ita ce hirar gari daren kowace Juma'a. Daren da ya fi kowanne cika shi ne na bikin da suke kira homkomin, wato komawa gida, wanda ake yi tsakanin Satumba da Oktoba.

A jami'o'i al'adar ta samo tushe. Jami'ar Baylor da ke garin Wako ta yi nata a 1909, ta Ilinois a 1910, ta Misuri kuma a 1911, har yau ana gardamar wadda ta fara. Manufar dai ɗaya ce: tsofaffin ɗalibai su dawo su ga makarantarsu, su kalli wasa tare. Daga baya makarantun sakandare suka ɗauka.

Mako guda ake yi. Kowace rana ɗalibai kan zo da shiga ta musamman. Ana fareti a titi, 'yan badujala a gaba, motocin a-kori-kura da aka ƙawata suna biye. Daren Juma'a a buga wasa, a lokacin hutun rabin lokaci a naɗa sarki da sarauniyar da ɗalibai suka zaɓa. Asabar da dare kuma a yi rawa.

Abin da ya bambanta Teksas da yawancin jihohi shi ne wani ado da suke kira mam. Asalinsa fure ɗaya ne da saurayi kan maƙala wa yarinya a riga. Yau ya zama furen yadi mai faɗin faranti, wani ma ya kai tire, ribon na zubowa daga jikinsa har gwiwa ko idon sawu. Ana rataya masa ƙararrawa, 'yar tsana, sunan yarinya da harufa masu walƙiya, wani lokaci har da fitilu masu batir. Nauyi ya sa ba a iya maƙala shi da fil, sai dai a rataya a wuya. Samari kuma suna ɗaura ƙarami a damtse. A makarantu da yawa, 'yan ajin ƙarshe fari suke sawa da ratsin azurfa ko zinariya. Ranar Juma'ar bikin, ƙarar ƙararrawa kan cika barandar makaranta tun safe.

To, wa ke haɗa shi? Bisa al'ada, uwar saurayin ce ke yi ko ta saya. Kantuna irin su Hobby Lobby kan ware layi guda na kayansa, iyaye mata su kwashi ribon da gam, su raba dare suna liƙi a teburin cin abinci. Wasu matan sun mayar da shi sana'a daga cikin gida, ana ba su aiki tun lokacin dogon hutu. Babban mam yakan ci ɗaruruwan daloli, ga kuɗin riga, takalmi, gyaran gashi da tikitin shiga rawa.

Nan gizo ke saƙar. Ado ne da ba ya ɓuya, don haka rashinsa ma ba ya ɓuya. Yarinyar da ta zo wuya wayam, kowa zai gani. Ke da kika taɓa fama da ankon biki kin san wannan nauyin. Shi ya sa a wasu makarantu ake tattara tsofaffin mam a gyara a raba wa marasa hali, kuma yanzu uwa kan haɗa wa 'yarta da kanta, ƙawaye ma su yi wa juna, ba sai da saurayi ba.

Ga 'yan uwanmu mata da ke rainon yara a Dalas ko Huston, tambayar takan zo musu har ɗaki: "Mama, zan je?" Ya kamata a san cewa zuwa rawar ba dole ba ne, malamai da iyaye ne ke sa ido a wurin, kuma yara da dama a ayarin ƙawaye suke zuwa. Fareti da wasa kuwa na iyali ne, har kakanni ake gani a kan benci. Uwa na iya barin 'yarta ta je wannan ta hana wancan, muddin an zauna an yi maganar tun kafin makon ya kama.

Idan biki ya watse, ba a yar da mam. Akan rataye shi a bangon ɗakin yarinya, ɗaya na kowace shekara, har guda 4 su jeru. Ranar da ta tafi jami'a, a gidan uwarta take barin su.