Wa ke auna ma'aunin?

Mu 'yan Malam Madori mun san tiya ba ɗaya ba ce. Mai sayen riɗi yakan ƙare wa tiyar mai awo kallo, har ya ce a gwada ta da tasa. Amma da zarar na'ura ta nuna mana lamba, sai mu karɓa ba musu.

Sai a jami'a muka gane ma'aunin zafi ma yana kaucewa. Akwai wanda ake kira Pt100, da ake sakawa a tukunyar tururi irin ta injinan gyaran shinkafa. Siririyar wayar filatinam ce a cikinsa, wadda turjiyarta ga lantarki take ohm 100 a digiri 0, ta kai 138.5 a digiri 100. Girgizar inji da damshi da daɗewa cikin zafi sukan karkatar da shi kaɗan-kaɗan. Abin haushin, ba ya mutuwa balle a lura; ci gaba yake da ba da lamba.

Maganinsa na'urar tantancewa: akwati mai dunƙulen ƙarfe da ramuka. Mukan saita ta a digiri 50, mu zura ma'aunin a rami, mu jira lambar ta tsaya cik. Jiran nan ne ke gwada haƙurinmu. Sai mu rubuta bambancin, mu koma 100, sannan 150. Ita ma na'urar akan gwada ta da wadda ta fi ta inganci, har a dangana da irin cibiyar awo ta hukumar SON da ke Enugu. Kamar dai isnadin da muka koya a Islamiyya: wa ya ji daga wa?

Ku duba firjin allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi. Yawancin alluran suna buƙatar digiri 2 zuwa 8, alhali zafin Afrilu a ƙasar Haɗeja kan haura 40. In ma'auni ya ce 6 gaskiya kuwa 11 ce, ƙarfin maganin na raguwa, uwa ta goya jaririnta ta koma gida da zaton an kare shi.

Ku ma kuna iya gwaji a ɗakin kimiyya. Ku daka ƙanƙara, ku cika kofi, ku zuba ruwa kaɗan, ku juya, ku tsoma ma'auni na minti 3. Ya kamata ya nuna 0. Tafasasshen ruwa kuwa a nan kusan 99 zai nuna, don mun ɗara teku tudu. Kada dai ku tsoma ma'aunin zazzaɓi, bai wuce 42 da ɗan kai ba.