Daga Kabo Zuwa Gwarzo: Wace Taya Ce Ta Dace Da Hanyoyinmu?

Duk wanda ya hau mota a Kabuga ya nufi yamma zai wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, sannan ya isa garin Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70. Titin bai tsaya nan ba, ya miƙe har Dayi a Jihar Katsina. Sai dai kwaltar nan siririya ce idan aka kwatanta ta da faɗin ƙasar da ta ratsa. Hagu da dama akwai garuruwa irin su Garo, Gude, Durun da Godiya a ƙaramar hukumar Kabo, da Getso, Kutama, Lakwaya da Mainika a ƙaramar hukumar Gwarzo. Bayan kowannensu kuma akwai ƙauyuka da rugage da gonaki waɗanda ba a isa gare su sai ta burji ko turba.

A irin waɗannan hanyoyi babur ne sarki. Tun a watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, amma a karkara har gobe shi ke kai ɗalibi makaranta, ya kai buhun masara kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti. A hutun da ya gabata na yi kwanaki ina zagaya wannan yanki a bayan babur ɗin wani yayana. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani abu da ba mu cika kallo ba, wato taya. Ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa, kuma wurin da take taɓawa bai wuce tafin hannu ba.

Hanya ɗaya, ƙasa iri huɗu

Ƙannena, idan kuka sauka daga kwalta kuka shiga karkarar Kabo ko Gwarzo, cikin tafiyar rabin awa za ku iya taka ƙasa iri huɗu. Ta farko ita ce jar marmara ta burji. Da rani tana da tauri, ga tsakuwa a samanta wadda ke sa babur ya zame a kwana. Ta biyu rairayi ne na jigawa, inda ake noman gero da gyaɗa da wake. Da bazara yakan yi laushi har ƙafa ta nutse zuwa idon sawu, haka ma a gindin rafin da ya ƙafe. Ta uku laka ce ta fadama, baƙa mai danƙo. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, tana kama taya tamkar ƙaro. Ta huɗu kuwa hawa da gangara ne a inda duwatsu suka fito fili, ko inda zaizayar ƙasa ta yanka hanya ta bar kwari mai kaifin baki.

Kowace daga cikinsu da abin da take buƙata. Rairayi yana son tayar da za ta shimfiɗu a kansa kada ta nutse. Laka tana son tayar da za ta cije ta, ta kuma watsar da ita. Dutse yana son taya mai kaurin jiki wadda ba za ta tsage ba. Kwalta kuwa tana son roba mai yawa a ƙasa, domin birki ya kama. Babu tayar da ta haɗa duka huɗun, shi ya sa zaɓi ya zama dole.

Darasi daga ƙasar ƙanƙara

Wannan matsala ba mu kaɗai ke da ita ba. A ƙasar Kanada, a wani ƙauye mai suna Valcourt, an yi wani makanike da ake kira Joseph-Armand Bombardier. A hunturun 1934 ɗansa mai shekara biyu ya kamu da ciwo, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Wannan ya ƙara masa himma kan aikin da ya daɗe yana yi na ƙera abin hawan da zai bi ta kan ƙanƙara. A 1937 ya sami takardar mallakar fasaharsa, a 1959 kuma kamfaninsa ya fito da ƙaramin babur ɗin ƙanƙara mai suna Ski-Doo. Wannan babur ba shi da taya. A gaba yana da sanduna masu sulɓi, a baya kuma wani faffaɗan bel na roba ne ke juyawa, irin na katafila.

Masu hawa tsaunuka da shi a Kanada da Amurka sukan tarar da dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari, wadda za ta iya kai wa mutum ƙugu. Don haka sukan zaɓi dogon bel, mai zagayen inci 154 ko fiye da 160, mai faɗin inci 15 ko 16, wanda haƙoransa suka kai tsawon inci biyu da rabi zuwa uku. Tsawo da faɗi suna hana shi nutsewa, haƙoran kuma suna tono kamar cebur. Amma da zarar an hau da shi kan daskararriyar hanya ana gudu, sai haƙoran su yi zafi su lalace. Mai bin daskararriyar hanya gajeren bel yake saye, mai haƙoran da ba su fi inci ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Ku ɗalibai masu karatun kimiyya kun san dalili. Dannawar da abu ke yi wa ƙasa ita ce nauyinsa a raba da faɗin wurin da ya taka. Shi ya sa raƙumi, da faffaɗar ƙafarsa, ke tafiya a rairayin da jaki ke nutsewa. Yanzu ku yi lissafi: babur ya ɗan haura kilo 100, direba kilo 65, ga buhun masara mai kilo 100. Kusan kilo 270 ke nan, duk a kan wuri biyu masu girman tafin hannu, kuma mafi yawan nauyin yana kan tayar baya.

A rumfar mai faci

A bakin titi kusa da wata mararraba mun tsaya ƙara iska. Mai facin dattijo ne, na gaishe shi na ce, "Baba, wace taya ce ta fi?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, fara gaya mini inda za ka." Ya nuna mini iri biyu da ke rataye. Ɗaya mai siraran zane ce da ke bin tsawonta, tana tafiya shiru a kwalta, tana daɗewa, ba ta sa babur shan mai. Ɗayar kuma mai manyan haƙora ce masu tazara a tsakaninsu.

Tazarar nan ita ce sirrin. Idan zanen taya matsattse ne, laka na cike shi a juyi biyu, tayar ta koma sumul tana ta juyawa wuri ɗaya. Idan akwai tazara, juyin taya na watsar da lakar, haƙoran su sake cizon ƙasa. Sai dai a kan kwalta mai haƙora tana ƙara, tana saurin cinyewa, kuma idan an yi ruwa ba ta riƙe titi kamar 'yar'uwarta, domin robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Don haka da yawa daga masu baburan da na gani sun raba gardama: mai haƙora a baya, inda ƙarfin inji yake, mai matsakaicin zane a gaba, inda ake juya kai.

Wasu na ganin ƙara faɗin taya shi ne maganin rairayi. Akwai gaskiya a ciki, amma da iyaka. Tayar da ta fi ƙarfin wilinta ba ta zama daidai, tana iya gogar sarƙa, kuma tana rage sararin da ke tsakaninta da malgadi. A fadama wannan sarari shi ke ceto, domin idan laka ta cushe a wurin, tayar gaba kan ƙi juyawa gaba ɗaya.

Karanta jikin taya

A gefen kowace taya akwai rubutu, kuma ɗan sakandare ya fi kowa a gida damar karanta shi. Idan ka ga 3.00-17, ma'anarsa faɗin tayar inci uku ne, wilin da za ta hau kuma inci 17. Baburan Bajaj Boxer da 'yan acaɓa ke so wili mai inci 17 gare su, wasu baburan kuma mai 18, kuma ɗaya ba ta hawa wilin ɗaya. Idan ka ga 6PR ko 8PR, alamar ƙarfin jikin taya ce. Mai ɗaukar kaya a hanyar dutse ya fi buƙatar babbar lamba. Wasu tayoyin suna da kibiya mai nuna ɓangaren da za su juya, a kula kada a ɗaura su a juye.

Akwai kuma lambobi huɗu da akan sa cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2423 na nufin an yi tayar a mako na 24 na shekarar 2023. Roba na tsufa ko da ba a hau ta ba, musamman a zafin rana irin namu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo. Taya mai ƙananan tsaga a gefe, ko suɗaɗɗiya wadda zanenta ya shafe, ba ta da araha komai sauƙin kuɗinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Iska ma zaɓi ce

Taya mai kyau da iskar da ba ta dace ba, aikin banza ne. A ƙananan babura irin namu ma'auni yakan nuna wajen 25 a gaba, da 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, amma abin da kamfanin babur ya rubuta shi ne abin bi. A doguwar hanyar rairayi gwanaye kan rage iska kaɗan domin tayar ta ƙara shimfiɗa. Hatsarin shi ne a manta a mayar. Taya mai ƙarancin iska idan ta daki dutse ko bakin rami, wili yana matse tub ya huda shi wuri biyu. A kwalta kuma tana ɗaukar zafi, ga shan mai. Wanda ba ya tafe da famfo, gara ya bar iskarsa yadda take.

Na kuma lura da yadda yayana ke tuƙi. A rairayi yana sa ƙaramar giya, ya riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ya ja jikinsa baya domin gaban babur ya yi sauƙi. Ba ya cafkar birkin gaba. A laka yana bin sawun da wasu suka bi. Idan muka zo rafin da ruwa ke gudu, sauka muke yi mu duba zurfinsa da sanda, wani lokaci mu jira ya janye. Babu tayar da aka yi domin ta yi jayayya da ambaliya.

Me ya shafi ɗalibi?

Jarrabawar NECO takan faɗo a tsakiyar damina. Ɗalibin da ke tahowa daga ƙauye, idan babur ya maƙale a fadama ko taya ta fashe a daji, zai iya rasa takardar da ya shekara yana wa karatu. Manomin da tumatirinsa ya kwana a hanya ya yi asara. Mai jinya kuwa, jinkiri na iya zama bambancin rai da mutuwa, kamar yadda ya faru da ɗan makaniken Valcourt.

Doka ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba, don haka ba ina cewa ku ɗauki makullin babur ba ne. Ga dai aikin da za ku iya yi a wannan makon. Ku duƙa ku karanta jikin tayar babur ɗin gidanku, ku rubuta girmanta da shekararta. Ku bi hanyar makarantarku ku ƙiyasta nawa ne kwalta, nawa ne rairayi, nawa ne laka. Ranar da Baba ko Yaya zai sayi sabuwar taya, ku nuna masa lissafin cikin ladabi. Idan kuma za ku hau acaɓa da damina, kafin ku yi cinikin kuɗin mota, ku fara kallon tayar baya.