Jami'ar Maraɗi: tamu ce, ko baƙuwa ce a garinmu?

Yau mun ajiye makirfo, mun ɗauki alƙalami, don akwai zancen da minti biyar na rediyo ba ya ɗauka.

Mu da muka gama lise kafin 2010, mun san abin da cin jarabawar BAC yake nufi a lokacin: murna da safe, zullumi da dare. In kana son jami'a sai ka ɗaure jaka ka nufi Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Jami'ar Abdou Moumouni, wadda aka aza tushenta a 1971, ita ce kaɗai babbar jami'ar gwamnati a ƙasar. A ajinmu akwai wata yarinya da ta fi mu duka lissafi. Ta ci BAC, mahaifinta ya ce ba zai tura ɗiya mace birnin da ba shi da kowa ba. Karatunta ke nan ya tsaya. Ba mu ga laifin tsohon ba, amma har yau abin yana ci mana rai.

A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i uku, a Maraɗi, Tawa da Damagaram, bisa harsashin cibiyoyin fasaha na IUT da suka riga su buɗewa. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadez, Diffa, Dosso da Tillabéri. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, ta Tawa sunan Djibo Hamani, dukansu masana tarihi. Tamu kuwa an sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan Maraɗi, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya riƙe ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci.

Ana karanta kimiyya da fasaha a cikinta, da aikin likita, da noma da muhalli. To ƙanwar waccan yarinyar ta ajinmu yanzu likitanci take karantawa. Da safe ta hau kabu-kabu, da marece ta dawo ta ci tuwon gidansu. Mahaifin da ya hana ta farko, shi ne ke ba ta biyun kuɗin babur. Ba shi ya sake hali ba, jami'ar ce ta matso.

Amma fa jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Mu nawa ne a garin nan muka taɓa taka ƙofar jami'ar? Da yawanmu ba mu tuna ta sai in an ce ɗalibai sun shiga yajin karatu. Mu ma na rediyo ba mu fita ba: in an ƙona taya mun iso da gudu, in ɗalibi ya kare bincikensa kan hatsi, shiru kake ji.

Alhali abin da ake bincike a can, abin rumbunmu ne. Kowane manomi ya san murzuna, tsutsar da ke cinye zangarniyar hatsi. Masu bincike na jami'ar da na cibiyar INRAN ta Tarna sun daɗe suna aiki da wani ɗan ƙwaro mai kashe ta, ana sa shi cikin ƙananan buhuna a kai ƙauye ya yaɗu a gonaki, ba feshin magani. Ga sassaben zamani, barin tohon itace ya girma cikin gona, wanda a jihar nan ya samo asali tun shekarun 1980. Baƙi na zuwa daga nesa su gani, ɗan unguwa bai sani ba.

Ko a wasanni haka ne. Garin Kantu ne fa nan, wanda ya fara ɗaukar takobin kokowa a Tawa a 1975. Muna cika filin kokowa maƙil, muna cika filin ƙwallo don Ɗan Kasawa, amma in ɗalibai na buga ƙwallo tsakaninsu, su kaɗai suke yi wa kansu tafi.

Sai maganar masauki, wadda ta fi damunmu. Yaro ya taso daga Dakoro ko Tasawa ko Mayahi, uban ya sayar da akuya. Kwanaki wani ɗalibi ya kira mu a shiri, ya ce mai gida na jin shi ɗan jami'a ne ya ƙara masa jika biyar a kuɗin ɗaki. Haba Alhaji! Wanga yaro da kake tatsa, wataƙila shi za ka tarar gobe a likita yana riƙe da allura.

Mu dai mun ɗau alkawari: za mu riƙa gayyato malami ko ɗalibi ya bayyana aikinsa da Hausa, yadda tsohuwa a Jiratawa za ta gane. Ku kuma masu gidaje a sassauta, ƴan kasuwa a ba yaran nan wurin koyon aiki, iyaye a bar ƴan mata su ƙarasa.

Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.