Daga Tawa zuwa Abalak: masu ci a tsakiya

A watan jiya mun kai ziyara ga ƙungiyoyinmu na arewacin Adar, kan hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi Tabalak zuwa Abalak. Abin da munka riƙa dubawa shi ne hannuwa nawa ne kuɗinmu ke bi kafin su shigo gida.

A cikin garin Tawa, tun da safe maza ke tsaye gaban ƴan rumfunan PMU, kowa da takardarsa da biro. Dawakin da suke zaɓa a Faransa suke tsere, ba wanda ya taɓa ganin ko jelarsu. Ga yadda abin yake: ana tara kuɗin duk wanda ya zuba, mai caca ya fara cire rabonsa da na gwamnati, sauran ne ake raba wa waɗanda sunka ci. Ko wane doki ya zo na fari, shi nasa ya riga ya shiga aljihu. Samari kuma yanzu a waya suke zubawa kan ƙwallo, ba ma sai uwa ta gani ba.

Gidajen aika kuɗi sun fi shafarmu, tunda Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Wanda ke Abijan da sauƙi, kuɗinmu ɗaya ne. Amma na Libiya da Aljeriya sai ya canza dinari, mai canji ya ci, mai aikowa ya ci, mai mota daga ƙauye zuwa gari shi ma ya ci. Bankin Duniya ya ce aiko kuɗi zuwa ƙasashenmu na Afirka na lashe kusan kashi 8 cikin 100. A jika ɗari, jika takwas ke nan.

A Tabalak mun tsaya bakin tafki mun ci kifi, mata na ta ban ruwa a garake.

Dillalan kasuwar dabbobi ta Abalak kuwa, ba mu sa su cikin buhu ɗaya da mai caca ba. Dillali na saukar da baƙo, shi ke tsayawa shaida cewa bisar ba ta sata ba ce. La'adarsa da guminsa. Inda muke ƙorafi shi ne in ya ɓoye wa mai tunkiya ainihin kuɗin da anka saya.

Asusun Mata Masu Dubara, da anka fara a jihar Maradi a 1991, shi ma yana ɗora riba kan bashi, wani lokaci har ta fi ta banki. Amma ranar fasa akwati ribar ga hannunmu take dawowa.

Taro mai zuwa, kowace ta taho da takardar kuɗin da anka aiko mata na ƙarshe. Za mu rubuta a allo abin da anka tura da abin da ta karɓa.