Zubi Huɗu na Sienna da Lissafin Wani Gida a Chikaji

A ƙofar wani gida a Chikaji, ƙarƙashin inuwar darbejiya, akwai wata mota ƙirar Toyota Sienna mai ruwan toka da ta shafe kusan duk daminar 2023 ba ta je ko'ina ba, alhali lafiyarta ƙalau. Mai ita dattijo ne da ya yi koyarwa a Samaru sama da shekara talatin kafin ya yi ritaya. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tayar da ita, ya bar injin ya yi 'yan mintoci don kada batir ya kwanta, ya kashe, ya shige gida. Dalilin zamanta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ga shi tankin motar yana ɗaukar fiye da lita 70.

Da 'ya'yansa suka taru da babbar sallah, babban ɗansa da ke aiki a Abuja ya kawo maganar cikin ladabi. "Baba, da za ku yarda a sayar da ita, a cika kuɗi a samo muku ƙarama mai silinda huɗu. Wannan ta zama nauyi." Malam bai ce ƙala ba. Hajiya ce ta ɗago kai ta ce a bar zancen tukuna sai an ci abinci. Duk wanda ke son fahimtar abin da ya sa maganar ta yi wa gidan nauyi, sai ya koma baya ya ga yadda irin wannan mota ta samo asali, da yadda ta yi ta sauya kama kafin ta iso Zariya.

Kafin Sienna, motar iyali a wannan yanki fijo ce. Tun 1975 kamfanin Peugeot ke harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, kuma 504 mai dogon baya, wadda ake iya sa wa layin kujeru uku, ita ce burin duk ma'aikacin da iyalinsa suka yi yawa. Tana da tsayi daga ƙasa, tana jure ramuka, kuma babu bakaniken Sabon Gari da bai san cikinta kamar tafin hannunsa ba. Irinta Malam ya fara mallaka, ta hannu. Amma tun daga 1986, da darajar naira ta soma zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, aka koma ga motocin gwanjo na Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano.

A can ƙasashen da motocin ke fitowa, an riga an ƙirƙiro wani sabon nau'i: mota mai faɗin ƙaramar bas da laushin motar gida. Chrysler ya fito da tasa a Amurka a 1983, Renault ya biyo da Espace a Faransa a 1984. Toyota ya gwada da Previa a 1990, mota mai siffar ƙwai wadda injinta ke kwance ƙarƙashin kujerun gaba. Dabara ce mai kyau, sai dai wurin ya yi wa babban inji kaɗan, Amurkawa kuwa babban inji suke so. Saboda haka a 1997 kamfanin ya maye gurbinta a kasuwarsu da Sienna, wadda aka ƙera a Georgetown ta jihar Kentaki, bisa ginshiƙin Camry, da inji mai silinda shida na lita 3.0. Wannan shi ne zubi na farko.

Dangantakarta da Camry ita ta buɗe mata ƙofa a Arewa, ko da yake masu zanenta ba su yi wannan lissafi ba. Lokacin da ta fara isowa, bayan ta yi wa iyalin farko aikin shekara takwas ko goma, ta tarar da bakanikai sun riga sun saba da 'yar'uwarta. Kayan gyaranta suna nan a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Malam ya sayi irinta bayan fijonsa ta gaji, kuma abin da ya fara lura da shi shi ne ƙasanta ya yi kusa da ƙasa. An zana ta ne don kwalta mai santsi da ƙofar da yaro zai taka ya shiga ba wuya. A kan hanyar ƙauyensu kuwa, cikinta ya riƙa gugar tudu har sai da bakanike ya ɗaga ta kaɗan. Idan kaka ta yi ana son ɗauko masara, sai samari biyu sun ciccibi kujerun baya sun fitar da su, a jingine a zaure har a gama jigila.

Zubi na biyu, wanda ya fito a 2003 da lambar shekarar 2004, yana da labarin da ake koyarwa a makarantun kasuwanci. Injiniyan da aka ɗora wa aikin, Yuji Yokoya, ya ce ba zai zana komai ba sai ya ga yadda mutanen suke rayuwa da mota. Ya tuƙa mil 53,000, wato kimanin kilomita 85,000, ya ratsa Amurka da Kanada da Meziko. Ya ga yadda iska ke kaɗa mota a kan gadar kogin Misisifi, sai aka ƙara mata natsuwa a hanya. Ya sha wuyar juyawa a matsattsun titunan Santa Fe, sai aka rage faɗin da take buƙata ta yi kwana. Ya ga Amurkawa suna ci suna sha a cikin mota, sai aka cika ta da mazaunin kofi da kwalba. Ya ga suna sayen falankin katako su kai gida da kansu, sai aka faɗaɗa cikinta yadda falanki zai kwanta a rufe but. Aka mayar da ƙirarta Princeton ta jihar Indiyana, aka ƙara mata tsawo ta haura mita biyar, aka samar da mai kujera takwas.

Yokoya bai taɓa bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa ba, amma da yawa daga abin da ya gyara ya dace da gidan Malam kamar an auna. Kwanan da aka yi don Santa Fe shi ke fitar da ita daga lungunan Sabon Gari ranar da kasuwa ta cika. Wurin falanki ya zama wurin katifar ɗalibi da buhunan hatsi da kayan gara. Layin kujerun baya yana naɗewa ya nutse cikin daɓen motar, an huta da ciccibar kujera. Gilashin ƙofofin gefe yana sauka, abin da duk wanda ya zauna a tsakiyar mota a watan Afrilu, na'urar sanyi ba ta aiki, zai san darajarsa. Wasu abubuwan kuma ba su dace ba. Mai jan ƙafa huɗu, wadda aka yi don ƙanƙarar Kanada, ba ta zuwa da safayar taya, domin an sa mata tayoyin da ke iya ɗan tafiya ko sun sace, irin da ba kowane mai faci ke da su ba. Ƙofar da ke buɗe kanta da lantarki kuwa, ƙurar hunturu da hannun yara masu fizga ba sa barinta ta daɗe.

Wadda ke ƙarƙashin darbejiya 'yar wannan zubi ce, ta 2006. Malam ya saye ta a ƙarshen 2016, gab da dokar da ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017. Injinta na lita 3.3 ne, mai amfani da bel wajen daidaita bugun inji. Daga 2007 ne aka koma na lita 3.5 mai sarƙa. Bakanikensa, wanda suka yi shekara ashirin tare, bai ko dubi agogon tafiyarta ba ranar da aka kawo ta. Ya ce lambar da ke jikin motar da ta ratso hannu huɗu ba abin dogaro ba ce, a sauya bel ɗin kawai a kwana da kwanciyar hankali. Aka sauya.

Zubi na uku ya fito a 2010. Ya fi faɗi, ya fi ƙawa, wasu ma da kujerun tsakiya masu wurin miƙe ƙafa. An gwada sa masa inji mai silinda huɗu na lita 2.7, amma bayan shekara biyu aka janye shi. A 2017 aka ba shi giya mai hawa takwas da sabon tsarin fesa mai. Da kowane ƙari, kunnen bakanike yana rage amfani, kwamfuta tana karɓar aikin. A garejin da Malam ke zuwa, uban ne ke sauraren ƙarar inji ya faɗi ciwo, ɗansa kuma shi ke jona na'ura ya karanto lambar matsala. Kamfanonin sufuri masu dogon zango sun rungumi Sienna, amma a tashoshin Arewa, har da ta Kwangila, Sharon ce ta fi yawa, wato Volkswagen Sharan da aka fara ƙerawa a Fotugal a 1995. Dalilin a fili yake: yawancinsu silinda huɗu ne da giyar hannu, direban haya kuwa da lita yake lissafi.

Sai zubi na huɗu, na 2021, wanda babban ɗan Malam ya nuna masa a waya. An yi ban kwana da silinda shida gaba ɗaya. Kowace Sienna yanzu tana haɗa injin fetur na lita 2.5 da injinan lantarki, batirinta kuma yana cika kansa a kan tafiya, ba ya jiran wutar gida. A ma'aunin hukumomin Amurka tana yin kusan kilomita 15 da lita ɗaya, inda masu silinda shida ke yin takwas zuwa tara. Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 150 ne. Zuwa da dawowa ke nan lita ashirin a maimakon talatin da biyar. Malam ya yi wannan lissafi a bayan ambulan, ya daɗe yana kallonsa. Ga maganin ciwonsa an ƙera, amma a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwastan ma da dala ake auna shi. Zubi ukun farko sun iso gidajen malaman makaranta ne bayan shekara goma da ƙera su. Na huɗu zai iya fin haka jinkiri. Ko ya iso, kujerun tsakiyarsa ba sa cirewa, saboda jakar iskar kariya da aka dasa a cikinsu, wanda ke nufin buhun masara ya rasa wani ɓangare na wurinsa.

Da aka koma kan maganar bayan la'asar, Hajiya ba ta yi musun lissafin ɗanta ba. Ta dai shiga ƙirga. Matan unguwa nawa motar ta kai asibitin Shika da tsakar dare suna naƙuda. Amare nawa ta kai ɗakinsu. Maniyyata nawa ta sauke a sansanin alhazai na Mando. Sau nawa ta kwashi gidan gaba ɗaya, har da jikoki, zuwa ta'aziyya a ƙauye a tafiya guda. "Malam," in ji ta, "ƙaramar mota mutum huɗu za ta ɗauka. In aka yi rasuwa, wa za ka ce ya zauna a gida?" Ɗan ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Amma fanshon Baba ba zai ciyar da gida ya ciyar da ita ba." Duka biyun gaskiya suka faɗa, shi ya sa aka tashi ba a yanke komai ba.

Bakaniken ne ya kawo mafita bayan wata biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mota ba ta son zama. Ka ba ta aiki ta ci da kanta." Akwai wani saurayi a unguwar, tsohon ɗalibin Malam, mai lasisi da natsuwa amma babu abin tuƙi. Aka yi yarjejeniya a zaure gaban shaidu biyu. Daga Litinin zuwa Alhamis zai riƙa ɗaukar shata zuwa Kaduna ko Kano, ya kawo balas kowace yamma. Ba zai ɗauki fasinja fiye da yawan kujeru ba, ba kaya a saman rufi. Juma'a zuwa Lahadi motar ta gida ce. Sharaɗin da Hajiya ta sa shi ne na ƙarshe: duk inda ta je, a ƙofar gida za ta kwana, kuma kada a ajiye ta da ƙasa da rubu'in tanki.

Malam ya san abin da ya sadaukar. Motar da ta yi shekara goma tana kai yaran wani gida makaranta a Amurka, ta yi bakwai tana hidimar gidansa, yanzu ta shiga rayuwa ta uku, wadda ita ce mai cin ƙarfe da sauri. Kujerun sun fara sauya launi, shokozoba an sauya sau biyu, ƙofar dama sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Ya buɗe littafi yana rubuta balas a shafi ɗaya, kuɗin gyara a ɗaya, kuma wata da yawa ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kuɗin cefanen mako ba. Ɗan bakaniken kuwa ya fara kallon bidiyon yadda ake kwance batirin zubi na huɗu, yana cewa gara ranar da za su fara shigowa ta same shi a shirye.

Da daddare, in direban ya kawo ta ya goge ƙura, makullin ba ya shiga ɗakin Malam. Ana rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar zaure, wurin da duk magidancin layin ya sani, don kada mai buga ƙofa da ƙarfe biyun dare ya tsaya jiran a nemo shi.