Daga Kwanar Ɗangora zuwa Duwatsun Riruwai

Da asuba muka bar Kano ta hanyar Zariya, muka ratsa ƙasar Bebeji, muka karya kumallo a Kwanar Ɗangora ta Ƙiru, sannan muka miƙi hanyar Jos. Muna wuce Tudun Wada sai dajin Falgore, inda hira ta ɗauke a motar. Kafin azahar duwatsun Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, sun bayyana.

A bakin rafi na iske wani dattijo ya shanya baƙin yashin da ya wanke. Ya naɗe maganaɗisun tsohuwar sifika a leda, yana bin yashin da shi. Garin ƙarfe ya yi ta maƙalewa, kuza kuwa ko motsi.

Na ce, "Baba, kolumbayit fa?"

Ya ce, "Ai Malam, wannan sai injin masu saye."

Gaskiyarsa, domin jan kolumbayit ba shi da ƙarfi. Abin da nake koya wa ɗalibaina a allo ke nan a hannunsa. Kowane ilektiron yana da ɗan maganaɗisunsa, wanda ake kira juyi. A wancan garin ƙarfen yawancinsu sun fuskanci alƙibla ɗaya, a kuza kuwa sun soke juna. Adana bayanai da wannan juyi shi ne sifintironik, fannin da ya bunƙasa bayan binciken Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus a 1988.

Yanzu hankali ya koma kan sinadarai masu kaurin ƙwayar zarra ɗaya, tun da aka ɓare girafin da salatif a Mancesta a 2004. A 2017 aka gano cewa falle ɗaya na haɗin kuromiyam da aidin maganaɗisu ne, falle biyu kuma sai jan ya ɓace. A 2018 aka nuna ana iya kunna shi ko kashe shi da lantarki. Cikas ɗin shi ne sanyi: falle ɗaya ba ya riƙe jansa sai ƙasa da digiri 228 ƙarƙashin sifiri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, niyobiyam da tungistin, waɗanda ake yin irin waɗannan fallaye da su, suna kwance a duwatsun nan, amma a buhu suke barin ƙasarmu. Ina roƙon gwamnatin Kano ta wadata Jami'ar Bayero da ta Wudil da kayan gwaji, 'ya'yan masu haƙar nan su ma su shiga binciken.